Kafin Ka Sayi Sabuwar Sensa: Yadda Ake Bin Wayoyi da Soket na Tsohon Inji

Sensa nawa, wato 'yan na'urorin da ke aika wa ƙwaƙwalwar mota labarin inji, ake cirewa a jefar a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, alhali lafiyarsu ƙalau, Allah kaɗai ya sani. Mota ta fara tari, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama a dashbod, a sa mata kwamfuta, lamba ta fito, sai a aiki yaro layin masu kayan gyara ya sayo wata. A ɗaura, motar ta yi kwana biyu lafiya, ranar da aka tafka ruwa ko ta faɗa wani rami, sai ta koma gidan jiya. Abin da ya faru shi ne, cire soket da mayar da shi ya ɗan goge tsatsar da ke kan haƙoransa, wato 'yan ƙarafan da wuta ke bi a cikinsa, sai kowa ya ɗauka sabuwar sensar ce ta yi magani.

Lambar da kwamfuta ke bayarwa ba ta ce sensa ta mutu ba. Idan ka ga P0335, ma'anarta ƙwaƙwalwar motar, wadda a nan muke ce wa kwantirol bod, ba ta samun saƙon juyawar kirankshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, yadda take so. Saƙon nan kuwa ta cikin soket yake fita, ya bi waya mai tsawon mita ɗaya ko biyu a cikin zafi da baƙin mai da girgiza, kafin ya isa. A motar da ta haura shekara goma sha biyar, ni dai wayar nake fara tuhuma, sai ta wanke kanta nake waiwayar sensar.

Motocinmu kuma suna da dalilin lalacewar waya fiye da na wasu wurare. Yawancinsu sun riga sun ci shekarunsu a Amurka ko Turai ko Koriya kafin su sauka Tema, wasu ma ambaliya ce ta shafe su can aka gwanjo su. Su zo Kumasi su tarar da damina biyu a shekara, ga laima, ga ƙurar hunturu. Ga wajen wankin mota inda ake buɗe bonet a saita wa inji ruwa mai ƙarfin tsiya har cikin soket. Ga ɓeraye, musamman motar da ke kwana kusa da kwata ko wajen masu sayar da abinci a Aboabo da Asawase. Sannan tun da Ghana ta koma bin hannun dama a 1974, motar da aka ƙera da sitiyari a dama sai an sauya mata shi, kuma duk motar da aka yi wa wannan aiki an yanka wayoyinta an ƙara musu tsawo a wani wuri da ba ka sani ba. Haka ma na'urar bin sawu da ake liƙa wa motocin haya da ake bayarwa a riƙa aiki ana biya: wanda ya sa ta ya fere wata waya ya ɗaura tasa.

Kayan da za ka tanada

Mita ta dijital ita ce uwar aiki. Ƙwan gwajin nan mai ƙwai na gaske ka ajiye shi don fitilu da hon, kada ka dangwala shi a wayar sensa, don yana jan wutar da kwantirol bod ba ta saba bayarwa ta wannan layin ba. Sai na'urar karanta lamba, ko da 'yar ƙaramar nan ELM327 ce da ke haɗuwa da wayar hannu. Sai filayar fere waya, filayar matse haƙori, allurai sirara, roba mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a cikinta, feshin wanke soket, salatif na yadi irin na wayarin, bututun roba mai tsaga, da ƙwan fitilar birki mai wat 21 da aka sa wa wayoyi biyu. In za ka samu zanen wayarin na ainihin motar, da shekararta da lambar injinta, ka samu rabin aikin.

Ka saurari kwamfuta kafin ka taɓa komai

Soket ɗin duba mota mai rami 16 yawanci yana ƙarƙashin sitiyari. Motocin kasuwar Amurka suna da shi tun daga ƙirar 1996, na Turai masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Tsohuwar Toyota da ta girmi wannan, akwai ɗan akwati a cikin bonet, ka haɗa TE1 da E1 da guntun waya, ka kunna makulli, ka ƙirga ƙyaftawar wutar cek.

Rubuta lambobin duka a takarda kafin ka goge ko ɗaya, kuma kafin ka cire batir. Duba bayanin da kwantirol bod ta adana lokacin da matsalar ta faru: injin da zafi ne ko da sanyi, a silo ne ko ana gudu. Matsalar da ba ta tashi sai inji ya yi zafi, ba za ka kama ta da sassafe mota na sanyi ba.

Lambobin su kansu suna nuna hanya. P0118 na nufin wutar da ke layin sensar zafin ruwa ta yi sama, yawanci waya ta tsinke ko soket ba ya kamawa, kuma za ka ga kwamfuta na nuna digiri 40 ƙasa da sifiri, fanka kuma a motoci da yawa ta tashi ba ta tsayawa. P0117 akasin haka ne, wayar ta fere ta taɓa bodi, sai ka ga zafin da ya wuce hankali. A sensar totur kuwa, P0122 na nufin wutar ta yi ƙasa, P0123 ta yi sama. Idan kuwa lambobi uku ko huɗu suka fito lokaci guda, na totur da na matsin iska da wani, to kada ka yarda cewa duk sun mutu rana ɗaya. Suna shan volt 5 daga tushe ɗaya, ko suna raba wayar negetif ɗaya, laifin yana wurin da suka haɗu.

Wani gwaji mai sauƙi da mutane ke tsallakewa: da safe, kafin a tayar da motar da ta kwana, kunna makulli ka duba zafin ruwa da zafin iskar da inji ke shaƙa. Ya kamata su yi kusa da juna, kuma kusa da yanayin garin, wato digiri 20 da ɗoriya a safiyar Kumasi. In ɗaya ya ce 24 ɗaya ya ce 5, ka san inda za ka nufa.

Ido da yatsa

Kashe mota, cire makulli, ka bi wayar daga sensa zuwa inda ta shige babban ƙunshi. Kada ka tsaya kallo daga sama, sa hannu ka lalube ta. Wuraren da ake samun ɓarna ba su da yawa: daf da bakin soket inda waya ke lanƙwasa, inda ƙunshin ya jingina da gefen wani ƙarfe, kusa da bakin salansa, kusa da fanbel, ƙarƙashin tiren batir inda ruwan batir ke ɗiga, da duk inda ka ga baƙin salatif mai danƙo wanda ba na kamfani ba. Wannan na ƙarshen ka warware shi duka. Kusan kullum za ka tarar da wayoyi biyu da aka murɗe da yatsa aka naɗe, sun yi kore.

Wani direban tasi, dattijo daga Sabon Zongo, ya kawo motarsa da sensar kirankshaf guda biyu a leda, duk an sa an cire. Ya ce, "Masta, da safe lafiya lau. Da na shiga cunkoson Kejetia ta yi zafi sai ta mutu a tsakiyar titi, sai na bar ta ta huce." Na ce, "Baba, tayar min da ita, ka bar ta a silo." Na kama ƙunshin wayar na riƙa girgiza shi taƙi-taƙi ina gangarawa. Ina isa yatsa uku daga soket, injin ya yi shiru. Robar wayar ba ta da ko ƙwarzane. Da na riƙe ta da hannu biyu na ja a hankali, sai ta miƙe kamar cingam, alamar jan ƙarfen da ke ciki ya rabu, robar ce kawai ke riƙe da shi. Da sanyi bakunan biyu suna taɓa juna, da zafi robar ta saki su rabu. Dattijon ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, wannan 'yar abar?"

Wannan girgizawar ka yi ta inji na aiki, idonka na kan kwamfuta ko kunnenka na kan sautin silo, hannunka da rigarka nesa da fanka da bel.

Akwai kuma motar da robar wayoyinta ke marmashewa da kanta, kana lanƙwasawa tana zubewa. Wasu Mercedes na farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu sun yi suna da wannan. Irin wannan ba a faci, gyara nan ɓalle can ne. A nemo wani ƙunshin gaba ɗaya.

Abin da kowace waya ke ɗauke da shi

Sensa mai waya biyu iri biyu ce. Ta zafin ruwa da ta zafin iska, juriyarsu ce ke sauka idan zafi ya hau: wajen om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, wajen om 300 a digiri 80. Ta kirankshaf ko kamshaf mai maganaɗisu kuwa ita ke haifar da tata wutar idan haƙoran ƙarfe na wucewa ta gabanta, juriyarta daga om ɗaruruwa zuwa sama da 2,000 gwargwadon mota. Mai waya uku tana da ta wuta, yawanci volt 5, da ta negetif, da ta saƙo. Sensar auna iska takan sha volt 12, kuma a Toyota da yawa wayoyinta biyar ne don ta zafin iska tana cikinta. Ta salansa, wadda ke auna iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, in mai waya huɗu ce, biyu na hita ne, biyu na saƙo.

Lissafin om 300 ɗin nan ka riƙe shi, don yana bayyana wani ciwo da ba ya kunna wutar cek. In tsatsa a soket ɗin sensar zafin ruwa ta ƙara om 300 a kan layin, kwantirol bod za ta ga 600, ta ɗauka injin yana wajen digiri 60 alhali ya kai 80. Sai ta ci gaba da ƙara fetur. Mai mota ya zo yana kukan shan mai da baƙin fulogi, a wanke masa nozul, a canza masa famfon mai, abin na nan cikin soket. A nan zan faɗi ra'ayina game da al'adar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai don ƙasarmu da zafi: injin da aka hana kaiwa zafinsa haka zai yi ta shan mai, kuma wayar da aka fere don haɗa fankar ita ce za ta dawo da motar gareji bayan damina ɗaya.

Awo

Fara da batir. Cikakke yana nuna wajen volt 12.6 mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki. Raunannen batir da altaneto mai ciwo suna haifar da lambobin ƙarya.

Zare soket daga sensa, kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. Baƙar wayar mita a kan negetif na batir, jar kuma ka taɓa bakin kowane haƙori da ita a hankali. Taɓawa na ce, ba cusawa ba. Bakin mita ya fi ramin haƙori kauri, in ka danna shi ciki ka buɗe ramin, ka ƙirƙiro sabuwar matsala da hannunka. Ka nemi volt 5 ɗinka. In ka ga 1 ko 2 ko babu, bar mitar a wurin ka riƙa zare sauran sensoshin da ke shan volt 5 ɗaya bayan ɗaya. Wadda kana zare ta wutar ta dawo 5, ita ce ke janye ta. In ka zare duka bai dawo ba, wayar ta taɓa bodi ko ta tsinke a wani wuri, ko kuma laifin yana cikin kwantirol bod.

Negetif kuma ba a gwada shi da ƙarar mita kawai. Mayar da soket, ka zura allura ta bayansa, ta gefen robar da ta rufe wayar, har ta taɓa ƙarfen haƙorin negetif. Tayar da inji, ka auna tsakanin allurar da negetif na batir. Ya kamata ya zama ƙasa da volt 0.1. In ya haura, je ka nemo inda tarin wayoyin negetif suka ɗaure da noti a kan inji. Bayan an sauke inji an ɗora na hannu, sau da yawa a nan ake barin noti a sake, ko a ɗaure shi a kan fenti da tsatsa. Kwance, goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ɗaure. Duba kuma babbar wayar da ta haɗa inji da bodi: lokacin da ake buga sitata, tsakanin jikin inji da negetif na batir kada ya kai rabin volt.

Ta bayan soket ɗin dai za ka auna saƙo. Ta totur takan fara daga wajen volt 0.5 a rufe, ta hau a hankali zuwa wajen 4.5 in an taka har ƙasa, ba tsalle ba yankewa. Ta kirankshaf mai waya biyu, juya mita zuwa AC a buga sitata, ka ga ko tana ba da wani abu, a kwamfuta kuma ka ga ko juyin inji na nuna 200 ko kusa da haka. In sifiri ne alhali injin na juyawa, saƙon ba ya isa.

Abin da ba na so in gani shi ne a huda robar waya da allura don awo. Ramin ba ya ganuwa, amma ruwa ya san hanyarsa, kuma bayan wata shida wayar za ta ruɓe daga ciki daidai wurin.

Idan awon bakin sensa ya nuna akwai matsala a hanya, sai a gwada wayar ita kaɗai. Kashe makulli, cire negetif na batir, zare soket ɗin kwantirol bod da na sensar. Haɗa bakunan mitarka biyu tukuna ka ga nawa suke nunawa su kaɗai, don ka cire shi daga lissafi. Daga wannan baki zuwa wancan, waya mai lafiya ba ta kai om 1 ba. Tsakaninta da bodi, da tsakaninta da maƙwabtanta a soket, kada mita ta nuna haɗuwa.

Sai dai mita tana da yaudara ɗaya: ko sili ɗaya tak ya rage a cikin wayar, za ta yi ƙara ta ce lafiya. Nan ƙwan birkin nan zai yi amfani. Mayar da batir, amma ka tabbata bakunan wayar biyu a zare suke, ba ta haɗe da kwantirol bod ko sensa. Ba ta wuta daga batir ta baki ɗaya, ɗaya bakin ka bi da shi ta ƙwan zuwa bodi. Ƙwan mai wat 21 yana jan kusan amfiya 2. In ya haska sosai, ka girgiza wayar bai ƙyafta ba, ta wanke kanta. In ya yi ja-ja ko yana rawa, tana da rauni. Kuskure a nan tsada gare shi: volt 12 a layin volt 5 na iya ƙona kwantirol bod nan take, don haka ka duba sau biyu cewa soket ɗinta a waje yake.

Sai wuta da negetif da wayar saƙo duk sun fita zargi ne za a ce sensar ce. In ta kai ga saye, ka je da tsohuwar ka gwada lambar jikinta. Ta asali da aka ciro daga injin hannu ta fi min sabuwa mai kyan kwali marar suna. Araha ba ta ado.

Soket ɗin kansa

Haska cikinsa da tocila. Koren gari ko fari alamar ruwa ne. Baƙin mai a ciki alamar sensar na yoyo ko gaskit ɗin murfin saman inji ya saki, kuma mai yakan bi cikin silin waya ya yi tafiya har ya isa kwantirol bod, don haka ka duba can ma. Roba da ta narke ko haƙori da ya yi baƙi alamar ya daɗe ba ya kamawa sosai.

In tsatsar kaɗan ce, feshin wanke soket da ɗan buroshi mai laushi sun isa, a bar shi ya bushe. Ban da fetur, ban da man birki, ban da kankarewa da wuƙa, don haƙoran suna da siririn shafe a kansu, in ka kankare shi tsatsar za ta dawo da sauri. Daga nan ka gwada kamun: samo namijin haƙori irin na sensar daga wata tsohuwa, ka zura shi a kowane rami. Ya kamata ka ji yana riƙewa. Ramin da ya shige ya fito salin-alin ya buɗe. Matse shi da allura na iya kai mota gida, amma ƙarfen da ya saki ba ya komawa yadda yake, canji ne maganinsa.

Don fitar da haƙori ɗaya, fara cire makullin roba na biyu, wanda yawanci launinsa daban ne, a fuskar soket ko a gefensa. Sai ka zura siririn ƙarfe ta gaba ka ɗaga ɗan harshen da ke riƙe da haƙorin, ka tura wayar ciki kaɗan sannan ka jawo ta baya. In ta ƙi fitowa, harshen bai ɗagu ba, ƙarfi ba zai yi ba. Ɗauki hoton bayan soket ɗin kafin ka fitar da komai.

Mafi sauƙi, kuma abin da aka fi yi a Magazin, shi ne sayo wani soket da guntun wayoyinsa daga masu farfasa tsofaffin injina. Je da naka a hannu. Soket biyu na iya kama da juna amma zirin da ke jagorantar shigarsu ya bambanta. Ka zaɓi wanda kunnen makullinsa bai karye ba, robar bakinsa tana nan, wayoyinsa suna lanƙwasuwa ba tare da tsagewa ba. Ka roƙi mai shagon ya yanko maka da tsawo, kamar taƙi guda, don mahaɗin ya faɗa nesa da bakin soket. Soket ɗin da kunnensa ya karye aka ɗaure da waya ko igiyar roba, shi ma lokacinsa ya yi.

Haɗa waya

Cire negetif na batir. Yanke wayar da ta lalace, ka ci gaba da ferewa baya har sai ka ga jan ƙarfe mai sheƙi. In silin ya yi baƙi ko kore, ba zai kama dalma ba, ba kuma zai matsu da kyau ba, ƙara ja da baya.

Launi ba abin dogaro ba ne. Soket ɗin da ka sayo daga wata mota ya fito, jar wayarsa ba lallai ta zama taka jar ba. Da matsayin rami ake bi: rami na ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu zuwa na biyu. Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka yanke waya ɗaya, ka haɗa ta, sannan ka yanke ta gaba. Kuma kada mahaɗan su taru wuri guda, ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, don ƙunshin kada ya yi ƙullutu, kuma ko roba ta fashe ba za su taɓa juna ba. A sensar kirankshaf mai waya biyu, juya wayoyin na iya sa mota ta ƙi tashi ko ta riƙa tashi da ƙyar, duk da cewa mita za ta nuna komai daidai.

In za a ƙara waya, a sa ta mota mai kauri ɗaya da ta asali, yawanci milimita murabba'i 0.35 zuwa 0.5. Wayar gida an yi robarta don zafin digiri 70, ta cikin bonet kuwa ana yin ta don 105 zuwa 125. Akwai kuma wadda ake sayarwa a nannaɗe mai arha, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana, mayar musu da abarsu. Gara ka sayi tsohon ƙunshin inji mai lafiya ka riƙa zaro waya daga ciki.

Zura roba mai tsukewa a wayar tun kafin ka haɗa, ka tura ta can nesa. Fere kamar milimita 6 ko 7 ba tare da ka yanke ko sili ɗaya ba.

Tsakanin matsi da dalma, masu aikin wayarin ba su taɓa daina gardama ba. Ni a kan inji matsi na fi so, don da shi kamfani ya haɗa wayarin tun farko, kuma yana jure girgiza. Amma sai da filayar matsi ta gaske, wadda ke naɗe kunnuwan ƙarfen su nutse cikin silin, ba filayar da ake kama noti da ita ba. Bayan ka matse, ja da ƙarfi. In ta zame a hannunka, gara yanzu. Dalma ma tana yi idan hannu ya iya: a saƙa silin cikin juna, a zafafa wayar ita kanta har ta sha dalmar, a sa kaɗan. In ta yi yawa takan bi ƙarƙashin roba ta sandarar da wayar, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan za ta karye. Ka yi amfani da dalmar masu gyaran rediyo, ba mai ruwan asid ta masu liƙin lagireto ba.

Jawo robar ta rufe mahaɗin, ta wuce shi ta kowane gefe, ka zafafa daga tsakiya zuwa baki har ka ga gam ya ɗan ɓullo. In da leta za ka yi, kada harshen wutar ya taɓa robar, kuma ka tabbata babu warin fetur a wurin.

Wasu wayoyi suna da nasu sharaɗi. Na sensar kirankshaf da aka murɗa su biyu da juna, da gangan aka yi don kare saƙon daga hayaniyar koyil da altaneto, ka mayar da murɗin yadda ka same shi. Ta sensar ƙwanƙwasar inji, da wasu na kirankshaf, suna da rigar ƙarfe saƙaƙƙiya a kewaye. Rigar ita ma a haɗa ta ta ci gaba, kada ko sili ɗaya nata ya taɓa wayar ciki, kada kuma ka ƙara ɗaure ta da bodi a wani sabon wuri. Guntun wayar da ke jikin sensar salansa ba a sa masa dalma: ƙarfensa ba ya kama ta da kyau, kuma wasu sensoshin ta tsakanin silin wayar suke shaƙar iskar da suke gwada hayaƙi da ita, shi ya sa ba a cusa maiko a soket ɗinsu. In ta gama-gari ka sayo, launukan sun bambanta: a Bosch mai waya huɗu, baƙa ce saƙo, ruwan toka negetif, farare biyu hita, a Denso, shuɗiya ce saƙo, fara negetif, baƙaƙe biyu hita. Duk soket ko bututun da ka gani rawaya kuwa na jakar iska ne, ba a gwada shi da mita, ba a faci a kansa.

Naɗewa da mayarwa

Baƙin salatif na roba gam ɗinsa narkewa yake a zafin inji, ya warware ya bar danƙo. Naɗe da na yadi, ka sa cikin bututu mai tsaga, ka mayar da ƙunshin cikin maƙalan da kamfani ya yi masa. Wanda ya karye ka maye shi da igiyar roba, amma kada ka shaƙe wayar. Nisanta ta da bakin salansa, da bel, da wayoyin fulogi. Inda ƙunshi ya tsallaka daga inji zuwa bodi ka bar masa sarari, don inji na jijjiga, kuma in robobin da yake zaune a kansu sun mutu, su za su sake tsinka maka aikin, ka gaya wa mai motar. Yoyon man da ya jiƙa wurin shi ma a toshe shi. Ɗan maikon silikon a robar bakin soket yana hana ruwa shiga, amma ban da soket ɗin sensar salansa. Tura soket har ka ji ya ce ƙas, ka ja shi baya ka tabbata ya kulle.

Mayar da batir, goge lambobin, tayar da mota. Kada ka firgita in silo ya ɗan yi sama da ƙasa da farko, wasu motocin sai sun sake koyonsa bayan an cire batir, wasu kuma rediyonsu zai nemi lambar sirri. Sake girgiza wurin da ka gyara kana kallon kwamfuta. Bar injin ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya, sannan ka fita da motar a yanayin da ta saba yin ciwon: in a cunkoso take mutuwa, shiga cunkoson shataletalen Suame da ita, in a gargada ne, nemi hanya marar kwalta.

Da ka dawo, sake sa kwamfuta ko da wutar cek ba ta kama ba. Lambobi da yawa sai matsala ta maimaitu a tafiya biyu suke kunna wutar, amma tun a ta farko suna zaune a sashen lambobin da ke jiran tabbaci. Can za ka duba kafin ka miƙa makulli. Ka nuna wa mai motar inda mahaɗin yake, ya ɗauki hotonsa don mai gyaran da zai zo bayanka, ka kuma ce masa in ya kai wanki su goge injin da tsumma, su bar bututun ruwan nan ga tayoyi da ƙarƙashin mota.